Neman Gidan Fatalwa A Birnin Yerwa

A ran 28 ga watan Yuli na shekarar 1900, gab da faɗuwar rana, waɗansu 'yan mata huɗu 'yan gida ɗaya a wani ɗan ƙauye na ƙasar Ingila mai suna Borley suka ce sun hangi wata mace sanye da tufafin masu zuhudu tana tafiya sannu a hankali cikin lambun gidansu. Suka matsa don su yi mata magana, sai ta ɓace musu. Wata uku kafin wannan, watau ran 22 ga Afrilu, a Kusuri da ke bakin kogin Shari, sojojin Faransa suka kashe Rabe, suka yanke kansa suka kafa a tsinin sanda, ya bar gidansa na ƙasa a Dikwa ba mai shi. Gidaje biyu ke nan a shekara guda. Na farkon ba a taɓa tabbatar da kisan kai ko ɗaya a cikinsa ba, amma ya zama gidan fatalwa mafi suna a Ingila. Na biyun kuwa, wanda aka yi shekara da shekaru ana yanke wa mutane hukuncin mutuwa a ƙofarsa, ko a cikin Nijeriya ba kowa ya san yana nan ba. Wanda duk ya zauna a Maiduguri yana sauraron hirar mutanenta, ba zai rasa tunanin dalilin wannan bambanci ba.

Bari mu fara da na Turawan, don mai karatu ya san irin abin da ake nufi. Wani limamin coci ne mai suna Henry Bull ya gina gidan Borley da jan bulo a 1862, a gundumar Essex, kimanin mil 60 arewa maso gabas da Landan. Mutum ne mai yawan iyali, 'ya'yansa 14, kuma 'yan matan nan huɗu nasa ne. Labarin da ake bayarwa shi ne wai a zamanin da akwai gidan masu zuhudu a wurin, wani daga cikinsu ya yi soyayya da wata 'yar zuhudu, irin matan nan da ake kira sista, asirinsu ya tonu, aka kashe namijin, ita kuwa aka gine ta da ranta a cikin bango. Masu binciken tarihi sun nuna cewa ba a taɓa yin gidan zuhudu a Borley ba. To, amma labari mai daɗi ba ya jiran shaida.

Da maganar ta tsaya iyakar ƙauyen, da ta mutu tare da masu ita. Sai a watan Yuni na 1929 wani sabon limami da aka kawo, Eric Smith, ya kai kuka ga jaridar Daily Mirror cewa shi da matarsa suna jin sawu da ƙarar ƙararrawa cikin dare. Jaridar ta aiko da wakilinta, ta kuma gayyato wani mutum mai suna Harry Price, wanda ya mai da farautar fatalwa sana'a. Zuwansa ke da wuya sai abubuwa suka ƙaru: ga jifa da tsakuwa, ga kwalabe suna fashewa, 'yan kallo kuma suka cika ƙauyen. Daga 1930 zuwa 1935 wani limamin, Lionel Foyster, ya zauna a gidan da matarsa Marianne, a lokacinsu ne aka riƙa ganin rubutu a jikin bango ana kiran sunanta. A 1937 Price ya kama hayar gidan na shekara guda, ya yi cigiya a jarida, ya ɗauki mutum 48 suna kwana bi da bi suna rubuta duk motsin da suka ji. A watan Fabrairu na 1939 gobara ta cinye gidan a hannun wani sabon mai shi, kamfanin inshora kuwa ya ce da gangan aka sa wutar. A 1940 Price ya fitar da littafi a kan gidan, ya sami suna da kuɗi. A 1944 aka rushe abin da wuta ta rage.

Bayan mutuwar Price a 1948 sai aka fara bankaɗa. Wani ɗan jarida ya ce ya taɓa kama shi da aljihu cike da tsakuwa. A 1956 waɗansu masu bincike uku na ƙungiyar da ke nazarin irin waɗannan al'amura a Landan suka fitar da rahoto cewa Price da hannunsa ya ƙulla waɗansu abubuwan, sauran kuma aikin ɓeraye ne da iska da amsa-kuwwar tsohon gini. Ita ma Marianne daga baya ta yarda cewa akwai wata hulɗa tsakaninta da wani ɗan haya a gidan, ta fake da fatalwa don rufa wa kanta asiri. Duk da haka shekaru da yawa bayan an share filin, masu yawon buɗe ido ba su daina damun mutanen ƙauyen da dare ba.

Abu guda ne a cikin wannan dogon labari ya cancanci a riƙe. A 1943 Price ya sa aka haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ƙonannen gidan, aka sami 'yan ƙasusuwa, ya ce na macen nan ne. Mutanen Borley suka ce na alade ne, suka hana a binne a maƙabartarsu, sai a 1945 aka kai su ƙauyen Liston da ke maƙwabtaka aka binne da addu'a. Ko mai damfara ya san abin da zai shiga zuciyar mutane: cewa mamacin da ke yawo, kabari yake nema da wanda zai ambaci sunansa.

To, yanzu mu komo gida. Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Potiskum da Damaturu, bayan tafiyar fiye da mil 350 a cikin fili fetal, abin da zai fara tarbarsa a Maiduguri shi ne inuwar darbejiya jere a bakin tituna, wadda in ba don ita ba da zafin watan Afrilu ya kori kowa. Zai ga maza da dogayen huluna masu aiki, mata sun naɗa lafaya, ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga zaure. In ya bi babban titin Dandal zai kai shi har ƙofar fadar Shehu, ga babban masallaci a gefe, Kasuwar Monday kuma ba nisa. Amma in ya ce a nuna masa tsohon gida mai ɗaruruwan shekaru, irin Gidan Rumfa ko Gidan Makama na Kano, ko wani abu mai kama da hasumiyar Gobarau ta Katsina, ba zai samu ba. Garin yaro ne. A farkon 1907 Shehu Abubakar Garbai ya sauka a nan ya kafa Yerwa, kusa da barikin da Turawan Ingila suka yi a Mafoni, a gefen kogin Ngadda. Watau gidan limamin Borley ya girmi birnin Shehu da shekara 45.

Abin mamaki ne daular da ta haura shekara dubu a ce babban birninta bai kai shekara 120 ba. Dalili kuwa shi ne Barno ƙasa ce mai barin kufai a bayanta. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, an ci shi a 1808 lokacin jihadi, ba a daɗe ba aka watse aka bar shi, yau sai tudun ganuwa da gutsattsarin jan bulo a cikin daji can ƙasar Yobe. A 1814 Shehu Laminu ya kafa Kukawa, aka sa mata sunan itacen kuka. Mayaƙan Wadai suka rushe ta a 1846, ɗansa Shehu Umar ya sake gina ta gari biyu, na yamma na talakawa da fatake, na gabas na sarauta. Wannan Kukawa ce Bature Barth ya tarar a 1851, Nachtigal kuma a 1870, suka ba da labarin kasuwarta da dawakinta da ayarin raƙuma masu zuwa daga Tarabulus.

Sa'an nan Rabe ya zo. Mutumin Sudan ne daga wajen Hartum, ya yi aikin soja a ƙarƙashin Zubairu Basha, babban mai fataucin hauren giwa da bayi. Da aka karya rundunar ɗan Zubairu a 1879, sai Rabe ya kwashi waɗanda suka rage ya nausa yamma, yana yaƙi yana ƙara bindigogi, har ya iso Barno a 1893. Ya kori Shehu Hashimi, ya shiga Kukawa, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa, aka sa wa garin wuta. Shehu Kyari da ya tara jama'a ya sake gwabzawa da shi, an kama shi a 1894 aka kashe. Rabe bai zauna a kufan da ya yi da hannunsa ba, ya koma Dikwa ya gina gida. Mutanen Barno kan ce mulkinsa shekara bakwai ne da wata bakwai da kwana bakwai, kuma irin wannan ƙidaya sai wanda ya ƙosa abu ya ƙare yake yin ta.

Da Garbai ya tsallako daga Dikwa zuwa ɓangaren Ingila a 1902, burinsa shi ne ya tayar da birnin kakanninsa. Ya zauna a Monguno yana jira, daga baya ya koma Kukawa ɗin, amma abin ya ƙi. Jama'a sun watse, hanyar fatauci ta Sahara ta mutu, Turawa kuma sun fi son ya matso kusa da barikinsu. Waɗannan su ne dalilan da littattafan tarihi suke kawowa, kuma gaskiya ne. Sai dai ni a ganina akwai wani da ba a rubutawa a takardar Razdan: yana da wuya mutum ya shimfiɗa tabarma ya yi barci a inda ya san an yanka ubansa. Aka bar kabarin Shehu Laminu da na 'ya'yansa a can, aka zo aka sari daji, aka sa wa sabon wuri suna Yerwa, wanda masana suka ce daga kalmar alheri ya samo asali. Sunan kansa addu'a ce ta mutanen da suka ga abin da ba su son sake gani.

Gidan Rabe kuwa yana nan a Dikwa, kimanin mil 55 gabas da Maiduguri, a kan hanyar da ta bi ta Mafa ta nufi Gamboru da iyakar Kamaru. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, an yi shi don tsaro ba don ado ba. In ana neman gidan da ya cancanci fatalwa bisa ƙa'idar Turawa, to ga shi. A wannan gari ne Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya zauna. Ya bi da'awar Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe har ya auri 'yarsa Hauwa, daga baya ya ga ya zama kamar ɗaurarre. Da ya yi yunƙurin ficewa a 1898, sai Fadlallahi ɗan Rabe, watau wan matarsa ko ƙaninta na jini, ya bi shi da mayaƙa aka kashe shi. A nan kuma aka tsare wani Bafaranshe mai suna Ferdinand de Béhagle, wanda ya zo da niyyar ciniki da ƙulla yarjejeniya, aka rataye shi a watan Oktoba na 1899 bayan faɗa ya ɓarke tsakanin Rabe da Faransa. Waɗannan biyu an san su ne don suna da masu rubuta sunansu. Talakawa da bayin da suka ɗebi ƙasa suka kwaɓa suka ɗora wannan bango, da waɗanda suka kasa biyan haraji, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Shi kansa mai gidan bai komo ba. A yaƙin Kusuri shi da kwamandan Faransawa, Lamy, duk suka mutu a rana ɗaya. Lamy aka sa wa sabon gari sunansa a tsallaken kogi, Fort-Lamy, wanda sai a 1973 aka mai da shi Njamena. Fadlallahi ma Faransawa suka bi shi har Gujba suka kashe a 1901. Gidan ya shiga hannun Faransa, ya koma na Jamus sa'ad da Dikwa ta faɗa cikin Kamaru, ya dawo na Ingila bayan yaƙin duniya na farko, a 1959 kuma aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Duk wannan jini da wannan sauyin hannu, ba jaridar da ta aiko da mai farautar fatalwa, ba wanda ya ɗauki mutum 48 su kwana suna jiran sawun Hayatu.

Dalili na farko a bayyane yake. In ka sami dattijo a inuwar darbejiya a bakin Dandal ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ashe Rabe ba ya fitowa a gidansa da dare?" dariya zai yi ya ce maka, "Ɗana, wanda ya tafi ya tafi, yana can yana fama da abin da ya shuka." Wannan ita ce koyarwar da Bahaushe da Babarbare suka tashi a kanta, a ƙasar da ta yi suna da tsangayu tun kafin a san Ingila a nan: tsakanin mai rai da mamaci akwai shamaki har ranar tashi, ba a ba kowa izinin dawowa ya ƙarasa wata rigima ba. Ba wai ba mu da kalmar fatalwa ba ne. Muna da ita, kuma kowane yaro ya ji labarin wani abu fari sol mai kama da likkafani da aka gani a hanyar maƙabarta. Amma in aka kai maganar gaban malami, zai ce in ma an ga wani abu, to aljani ne ya ɗauki siffar mamacin.

Nan ne hanyarmu ta rabu da ta Turawa. Su a wurinsu tsohon gida na wanda ya mutu a cikinsa ne, don haka suke tambayar sunansa da shekarar da ya rasu da abin da aka yi masa, ko da za su ƙirƙira. Mu a wurinmu gidan da mutane suka bari ya sami sababbin masu shi. Kufai da kango da juji da tsohuwar rijiya, da gindin kuka da na tsamiya, duk mazaunin mutanen ɓoye ne. Shi ya sa ake kiran yara su shigo gida da almuru, ake yin bisimilla kafin a zubar da ruwan zafi, kuma wanda zai tare a gidan da ya daɗe a rufe yakan sa a yi saukar Alƙur'ani, a yi sadaka, a turara ɗakuna. Har a hadisi an yi umurnin a yi wa macijin da aka gani cikin gida gargaɗi kafin a kashe shi, saboda masu zama tare da mu da ba mu gani. Aljani kuwa ba a tambayarsa tarihi. Ana neman tsari da shi ne, a kauce masa.

Ba na cewa tasu ta fi tamu. Tamu ta hana 'yan damfara irin su Price cin kasuwa da sunan matattu, ko da yake mu ma muna da namu masu cin abinci da sunan aljanu, waɗanda suka san sarai cewa kukan da ake ji a rufin soro na mujiya ne da jemage, ƙarar kwano kuma sanyin dare ne ke sa shi bayan ya sha rana. Amma akwai hasarar da muke yi. Bature yana jin an ce gida na da fatalwa sai ya sayi tikiti ya je, mu kuwa muna jin an ce kango na da iska sai mu canza hanya. Ginin ƙasa ba ya jure wannan. In ba a yi masa yaɓe ba, damina biyar ta isa ta mai da soro tudu, gara ta cinye azara, sai a wayi gari ba abin da za a nuna wa yaro a ce nan abu kaza ya faru. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau ran 10 ga Satumba 2024, wadda ta shiga har fadar Shehu da Kasuwar Monday, ta nuna cewa ko ginin siminti ba shi da alkawari a wannan gari, balle na laka.

Akwai wani labari na Mafoni da ke nuna iyakar abin da mutum zai yi don kada nasa ya kwanta ba a san inda yake ba. A 1904 waɗansu 'yan uwa biyu sojojin Ingila, Boyd Alexander da ƙanensa Claud, suka zo Barno cikin wata tafiya ta auna ƙasa da tara tsuntsaye, da nufin ratsawa daga Kwara zuwa kogin Nil. Zazzaɓi ya kama Claud, ya rasu a Mafoni a watan Nuwamba na shekarar, aka binne shi a nan. Boyd ya ci gaba, ya isa Nil a ƙarshen 1906, ya koma gida ya yi suna. Bai iya zama ba, ya sake dawowa, aka kashe shi ran 2 ga Afrilu 1910 a ƙasar Wadai, arewa da Abeshe. Aka tattaro ƙasusuwansa daga wannan nisa aka kawo Mafoni aka kwantar da shi kusa da ƙanensa. Budurwar da zai aura, Olive MacLeod, ta taso daga Ingila a wannan shekara, ta yi tafiyar mil 3,700 a cikin Afirka, a kwalekwale da doki da ƙafa, don kawai ta tsaya a kan kabarin. Daga baya ta auri Charles Temple, wanda ya zama Mataimakin Gwamnan Jihar Arewa a 1914. Ba sai mutum yana ƙaunar 'yan mulkin mallaka ba kafin ya gane abin da ya taso da wannan mace. Ta ga kabari da idonta, zuciyarta ta yarda, ta ci gaba da rayuwa. Yau Mafoni unguwa ce a tsakiyar gari, mai cike da 'yan Keke Napep da masu shayi.

Wannan abu da Olive ta samu, shi ne dubban mutanen Maiduguri suka rasa a zamaninmu. A ƙarshen watan Yuli na 2009 aka yi kwanaki ana ɓarin wuta a garin tsakanin jami'an tsaro da mabiya Muhammad Yusuf, ɗaruruwan mutane suka mutu, shi kansa aka kashe shi a hannun 'yan sanda ran 30 ga wata, aka rushe cibiyarsa da ke unguwar tashar jirgin ƙasa. Yerwa da aka gina don gudun kufai ta sami nata kufan a tsakar gida. A 2017 gwamnatin jihar ta bayyana niyyar mai da wurin gidan tarihi, aka yi ta muhawara: waɗansu suka ce ɗaukaka ɓarna ne, waɗansu suka ce abin da aka share shi ne ake maimaitawa. Tambayar nan ce dai ta gidan Rabe ta dawo da sabon kaya. Dikwa ma ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014, sai a 2015 aka ƙwato ta. Kukawa kuwa ta sake zama kango. A farkon watan Agusta na 2020 aka mayar da mutanenta gida da rakiyar soja, watan bai ƙare ba aka sake kai musu hari.

Waɗanda aka ga gawarsu aka yi musu salla, nasu mai sauƙi ne, Allah ya jiƙansu. A watan Satumba na 2019 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta ce tana riƙe da sunayen 'yan Nijeriya kusan 22,000 da danginsu suka kawo cigiya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinta a lokacin, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari yara ne sa'ad da suka ɓata. Waɗansu 'yan tawaye ne suka sace su, kamar 'yan makarantar Chibok 276 da aka kwashe a watan Afrilu na 2014. Waɗansu a wajen gudu aka rabu, uwa ta yi gabas ɗa ya yi yamma. Waɗansu kuma kama su aka yi a samame aka kai wuraren tsaro irin barikin Giwa. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta yi zargin cewa dubbai sun mutu a tsare, rundunar soja ta musanta.

Shari'a ba ta bar wannan matsala ba hukunci. A mazhabar Malikiyya, hukuncin da aka fi sani shi ne matar wanda ya ɓata ta kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, in ba a sami labari ba ta jira shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta sami damar yin aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai shekarunsa sun kai waɗanda ba a zaton irinsa yana wucewa, galibi saba'in. Hukunci ne mai tausayi, ya kwance wa mata da yawa ƙulli. Amma alƙali yana iya sakin aure, ba ya iya sa uwa ta yarda ɗanta ya mutu. A irin waɗannan gidaje, a Gwange da Bulumkutu da sauran unguwanni, ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadakar uku ko ta arba'in ba, don ba wanda zai iya buɗe baki ya fara. Rigunan yaron suna nan a akwati. In an taɓa ƙyauren gida da tsakar dare, ba a karanta addu'ar neman tsari, tashi ake yi da sauri a duba.

Matan da abin ya shafa ba su zauna jiran mai farautar fatalwa ba. Da taimakon Hajiya Hamsatu Allamin, wata malama 'yar garin mai fafutukar zaman lafiya, waɗansu da aka tsare mazajensu suka haɗu a ƙungiyar Knifar, iyayen waɗanda suka ɓata kuma a Jire Dole. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma suka zauna suka sa aka rubuta musu sunaye ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa, da ranar da aka yi masa ganin ƙarshe, suka kai gaban hukuma. An saki waɗansu mazajen a shekarun da suka biyo baya. Game da sauran, abin da suke roƙo bai wuce a fito da jerin sunaye ba: wane yana raye a wuri kaza, wane ya rasu ran kaza, ga kuma ramin da aka sa shi.